Ranar Da 'Ya'yanmu Suka Fitar Da Mu Kunya A Dindir

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Mun daɗe muna riƙe da wannan karin magana, muna jifan 'ya'yanmu da ita duk sa'ad da suka zo mana da wani sabon abu daga makaranta. A wannan wata za mu ba da labarin yadda yara biyu suka hango abin da mu manya muka kasa hangowa. Labarin gidanmu ne, a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogin Dindir, amma mun tabbata iyaye da yawa a Mai Wurno da Suki da Sinja da kambunan Jazira za su ga kansu a ciki.

Ba za mu ambaci sunan yaron ba. Ɗan fari ne, kun kuwa san al'ada. Wannan alkunya ma tana cikin abin da ya sa muka ɗauki alƙalami.

Ranar da makarantar garinmu ta yi bikin nuna ayyukan ɗalibai, wanda malamai ke kira ma'arad, shi ne karo na farko tun bayan dawowarmu daga gudun hijira. Babu kujeru, domin yawancinsu an faskara an yi girki da su a lokacin da gari ya watse. Tabarmi aka shimfiɗa a inuwar darbejiya, aka jingina allunan kwali a jikin bango. Mu da muka saba raɓewa can baya a duk taron makaranta, ran nan sai ga shugaban makaranta ya kamo hannunmu ya kai mu sahun gaba. Abu biyu ya fara nuna wa jama'a: taswirar gari wadda babban ɗanmu ya zana, da wasu tukwane biyu, ƙarama cikin babba, aikin ƙanwarsa. Mahaifiyarsu ta ja gefen tobinta ta rufe fuska. Mu kuwa muka sunkuyar da kai muna jan carbi, kamar ba mu san 'ya'yan wa ake magana a kansu ba.

Da farko mun ƙi

Gaskiya ɗaya ce, ranar da yaron ya fara zuwa mana da maganar shiga kashshafa, wato abin da 'yan'uwanmu na Nijeriya ke kira 'yan sikawut, ba mu ko bari ya kai ƙarshen zancensa ba. Muka ce wasan Turawa ne, kuma gidan masunta ba shi da rarar hannu. Yaron da ya isa riƙe sandar kwale-kwale, ya isa taya mu ɗinkin birgi da ɗana mamari, ina shi ina yawon daji da ƙyalle a wuya? Ga kuma kuɗin rigar kaki. Ya yi shiru ya fita.

Kakarsa ce ta shiga maganar. Ta kira mu ɗakinta bayan sallar isha'i, ta tuna mana cewa mu ma mun taɓa kuka a bakin wannan ƙofa muna roƙon a kai mu makarantar gwamnati, mahaifinmu ya ƙi, kuma har yau in takarda ta zo daga hukuma sai mun nemi mai karanta mana wuraren da suka fi ƙarfinmu. Ta ce kada mu yi wa ɗanmu abin da aka yi mana. Washegari mahaifiyarsa ta kwance bakin zanenta, ta fito da kuɗin dakwar da take sayarwa, aka sayo yadi. Ita da kanta ta ɗinka masa mandil ɗin wuya.

Dalilin ɗari-ɗarin iyayenmu

Kafin mu zargi iyayenmu, ya kamata mu san abin da suka gani. Kakanninmu da yawa sun baro ƙasar Hausa ne don guje wa mulkin Nasara. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a yaƙin Burmi cikin Yuli 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci sauran jama'a zuwa gabas, har suka sauka a bakin Nil Azrak kusa da Shaikh Talha wajen 1906, inda garin Mai Wurno yake a yau. Wasu kuma hanyar Makka ce ta kawo su a ƙasa, suka tsaya neman guzuri, zama ya kama su. Da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, hannun Hausawa na cikin hannuwan da suka yi shuka da cira. Mutanen da suka yi tafiyar shekaru don kada Bature ya mallake su, ba abin mamaki ba ne in sun ƙi miƙa 'ya'yansu ga makarantarsa. Makarantar allo, wadda ake kira khalwa a nan, ita ce suka amince da ita.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi ciwo. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a Sudan tun ran 31 ga Disamba 1897. Wanda kakansa ya iso bayan Burmi ya makara ke nan, ko da an haifi ubansa a Mai Wurno. Ba tare da takardar jinsiyya ba kuwa, hanyar jami'a da ta aikin gwamnati a ƙuntace take. Uba sai ya yi lissafi: in yaro ya ƙare shekaru a aji, sa'an nan a ce masa baƙo ne, gara tun wuri ya koyi su ko noma ko gashin agashe. Dokar 1994 ta mai da wannan iyaka zuwa 1 ga Janairu 1956, abin da ya shigar da mafi yawanmu. Doka ta sake, amma tsoron da ta shuka a zukatan iyaye ya daɗe bai mutu ba. Shi muka gada, shi ne kuma ya yi magana da bakinmu ranar da muka kori ɗanmu.

Mece ce kashshafa?

Da yaron ya shiga ne muka soma tambaya. Wani hafsan sojan Ingila, Baden-Powell, shi ya kafa ta. A watan Agusta 1907 ya kwashi yara 20 ya yi zango da su a tsibirin Brownsea, ya koya musu bin sawu da kafa tanti da hura wuta da taimakon wanda ya ji rauni. Daga nan abin ya bazu a duniya. Ta shigo Sudan tun zamanin Turawa, ta 'yan mata ta soma a 1928, kuma a 1956, shekarar samun 'yancin kai, ƙungiyar kashshafa ta Sudan ta shiga uwar ƙungiya ta duniya. Takensu da Larabci shi ne "Kun musta'iddan", wato kasance cikin shiri.

Ƙanana su ne ashbal, sai kashshafa, sai manyan samari jawwala. A ɓangaren mata akwai zaharat da murshidat. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda ake raba yara ƙungiya-ƙungiya, kowace da yara shida zuwa takwas, ana kiranta tali'a, kuma ɗaya daga cikin yaran ne shugabanta. Su ke raba wa kansu aiki: wannan ruwa, wannan itace, wannan girki. Babba yana gefe yana lura kawai. Wanda ya san tsarin gayya, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira nafir, ko tsarin sarkin samari na da, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

A tali'ar ɗanmu akwai ɗan Balarabe, akwai Bafulatani, akwai Babarbare, akwai ɗan Masalit. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya tuna rikicin Yuli da Oktoba 2022 a jihar Nil Azrak, inda aka yi hasarar ɗaruruwan rayuka, dubban 'yan'uwanmu suka baro Rusairis da Damazin da Wad al-Mahi da abin da hannunsu ya iya ɗauka. A lokacin da manya ke gardamar wane ne mai ƙasa wane ne baƙo, waɗannan yara suna cin asida a akushi ɗaya.

Taswira da sunayen itatuwa

Aikin hannu a makarantun Sudan tsohon abu ne. Cibiyar horar da malamai ta Bakht ar-Ruda, wadda aka kafa kusa da Duwaim a 1934, ta yi suna wajen koya wa malamai su fitar da yara daga aji, su auna, su taɓa, su zana. Malamin labarin ƙasa na ɗanmu, wanda kuma shi ne jagoran kashshafarsu, irin wannan tarbiyya ya samu daga nasa malaman. Ya ce kowace tali'a ta zana taswirar unguwarta. Ɗanmu ya ce shi gari duka zai zana.

Ga yadda ya yi. Ya ari igiyar awo daga makaranta, ya auna mita 100 a fili, ya yi ta kai da kawowa har ya tabbatar takunsa 150 ne ke cika wannan tsawo. Daga nan kullum bayan la'asar sai ya fita da littafi da fensir, yana ƙirga taku daga masallaci zuwa rijiya, daga rijiya zuwa mashaya, daga mashaya zuwa maƙabarta. Gabas da yamma ya ɗauko su daga fitowar rana da faɗuwarta. Mutane suka riƙa tare mu a hanya suna tambaya ko lafiya yaron nan yake, yana tafe yana motsa baki shi kaɗai. Muka riƙa cewa aikin makaranta ne, a zuci kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage.

Da ya zo kan itatuwa, sai ya tarar sunayensu na Larabci kawai ya sani. A nan Kaka ta zama malama. Kowane dare ya shimfiɗa buzu a gaban angarib ɗinta, ya faɗi na Larabci, ta ba shi na Hausa. Hijlij ita ce aduwa, sidir magarya, aradeb tsamiya, tabaldi kuka, dom goruba, sunut bagaruwa, hashab kuwa dakwara mai ba da ƙaro. Haraz shi ne gawo, wanda ke kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani, har Larabawa ke buga misali da gabarsa da ruwan sama. Ba ta tsaya ga suna ba, sai ta haɗa masa da amfani: bagaruwa ta jima ce, 'ya'yan aduwa na ciwon ciki, ganyen magarya na wankan gawa. Ya rubuta sunayen Hausa da haruffan Larabci, wato ajami, irin rubutun da kakanninsa suka zo da shi a gafakarsu. Yaron da ke amsa mana da Larabci in mun yi masa Hausa, sai ga shi yana gyara wa ƙannensa furucin ƙaro da ɓaure.

Da rani aka kai su gandun dajin Dindir. Gwamnati ta keɓe shi tun 1935, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 10,000 har zuwa iyakar Habasha, kuma a 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da duniya ke kiyayewa. Mu da aka haifa a bakin wannan kogi ba mu taɓa shiga cikinsa da izini ba. Yaron ya dawo da labarin ɓauna da gadu da gwaggon biri da zabin daji, da fadamun nan da ake kira maya, inda namun daji ke taruwa in kogi ya ƙafe. Ya ce an gaya musu raƙumin dawa ya ɓace daga dajin tun shekarun 1980. Daga nan ya dubi ragarmu mai ƙananan idanu, ya ce, "Baba, in muka kwashe 'ya'yan karfasa bana, me za mu kama baɗi?" Ba mu amsa masa ba. Amma ragar tana rataye a zaure, ba ta sake shiga ruwa ba.

Bayan haka jagoransu ya zo har gida, ya ce ya ji labarin babu wanda ya kai mu iya ƙulli a garin, yana roƙo mu zo mu koya wa yara. Ranar ce muka fara shiga makarantar gwamnati a matsayin masu koyarwa. Muka nuna musu ƙullin da ba ya zamewa in ya jiƙe, da ɗaurin kwale-kwale, da yadda launin ruwa ke sanar da zuwan ambaliya daga tsaunukan Habasha. Ɗanmu yana can baya yana satar kallonmu, muna satar kallonsa.

Daminar 2024

Yaƙi ya ɓarke a Khartum ran 15 ga Afrilu 2023, makarantu suka rufe. A watan Oktoba na shekarar, hukumar UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Dakarun Da'am Sari', wato RSF, suka shiga Wad Madani cikin Disamba 2023, suka kama Sinja a ƙarshen Yuni 2024, farkon Yuli kuma faɗa ya iso Dindir. Muka bi ayarin jama'a muka nufi Gadarif a tsakiyar damina. Wanda ya san baƙar lakar nan tamu ya san abin da hakan ke nufi: mota ba ta motsi, takalmi yana maƙalewa, kowace ƙorama ta cika ta batse.

A wannan tafiya ne muka ga ribar yadin da mahaifiyarsa ta saya. Da ƙafafun Kaka suka gaza, yaron ya saro sanduna biyu, ya naɗa bargo a tsakaninsu yadda aka koya musu, muka ɗauke ta mu huɗu. Da muka zo tsallake ƙorama, ya ɗaura igiya daga itace zuwa itace, ya sa ƙananan yara suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙullin da muka koya musu a makaranta ne ya yi amfani da shi. Da dare ya kafa rumfa da tamfol guda, ya haƙa mata magudana don kada ruwa ya kwanta a ƙarƙashin masu barci. Ya hana kowa shan ruwan kududdufi sai an tace da ƙyalle an tafasa, har wasu dattawa suka ce yaron nan ya cika fi'ili.

A watan Agusta 2024 ma'aikatar lafiya ta sanar da ɓarkewar kwalara, wato amai da gudawa, kuma Kasala da Gadarif na cikin wuraren da ta fi tsanani. Wani dare gudawa ta kama autanmu. Yayansa ya tafasa ruwa lita ɗaya, ya bari ya huce, ya zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, ya zauna yana ba shi kaɗan-kaɗan har gari ya waye muka kai shi asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi wanda ya haɗa ruwan, muka nuna shi da baki. Wannan haɗi ba ya maye gurbin asibiti, yana dai riƙe mai ciwo ne kafin a isa, kuma ya kamata kowace uwa ta haddace shi. Autanmu yana nan, shi ne ma ya riƙe wa yayarsa murfin tukunya ranar ma'arad.

Akwai abin da ba za mu ɓoye ba. Sa'annin ɗanmu da yawa sun sa wani kakin daban a waɗannan shekaru, sun rataya bindiga, wasu ba su dawo ba. Shi ya sa iyaye da dama a yau in sun ga yaro da kaki sai gabansu ya faɗi. Muna shaida musu cewa a duk zaman ɗanmu a kashshafa ba mu taɓa ganin makami a hannunsa ba, sai igiya da sanda da bandeji. Saurayi yana son a ce yana cikin wata runduna, a ba shi aiki, a yaba masa. In ba mu sama masa wannan a inuwar makaranta ba, akwai masu jiran su sama masa a wani wuri.

Tukunya cikin tukunya

Sojojin gwamnati sun karɓe Dindir a watan Oktoba 2024, Sinja a Nuwamba, Wad Madani kuma a Janairu 2025. Muka dawo muka tarar da abin da muka tarar. Da aka sake buɗe makaranta, maganar ƙanwarsa ta taso. 'Yan'uwa suka ce shekaru biyu sun tafi a banza, yarinya ta girma, a bar ta ta taya uwarta talla kafin miji ya fito. Wannan karon ba mu jira Kaka ta kira mu ɗaki ba.

Muka tuna musu cewa a Rufa'a, nan bakin Nil Azrak, Shaikh Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a 1907 da 'ya'yansa da na maƙwabta, kuma daga wannan iri ne jami'ar Ahfad ta Umdurman ta tsiro. Muka kuma tuna musu namu na gida: Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis tana ɗora musu malfa, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Mai Wurno daga wannan gida ya fito. Jikokin mutanen da suka bi shi ba su da hujjar hana 'ya mace ilimi. Yarinya ta koma aji, ta kuma shiga murshidat.

Aikinta daga lambun uwarta ya fito. Kogin Dindir na gudu ne da damina kawai, in ya janye sai mata su shuka tumatir da kuɓewa da lalo a danshin gaɓa, abin da ake kira jaruf. Matsalar ita ce kowa nasa yana nuna lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, abin da bai sayu ba kuma kwana biyu ko uku ya ruɓe. Malamarsu ta kimiyya ta ba su labarin wani malami daga jihar Jigawa ta Nijeriya, Muhammad Bah Abba, wanda ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyukan ƙasar Hausa a shekarun 1990, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Daga baya dabarar ta iso Darfur, inda ake kiranta zir.

Ana samun tukwanen ƙasa biyu marasa fenti, a sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kayan lambu a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunya, iska na busar da shi, busarwar nan kuwa tana tafiya da zafin da ke ciki. Sai a ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, a ƙara ruwa safe da yamma. Ta fi aiki da rani lokacin da iska ta bushe, da damina amfaninta kaɗan ne. Da Kaka ta ji bayanin sai ta yi dariya, ta ce ai tun tana yarinya haka randa ke sanyaya ruwa, ba a dai taɓa tunanin sa mata 'ya a ciki ba.

Yarinyar ta raba tumatir kashi biyu, rabi a kwando, rabi a tukunya, tana duba su kullum tana rubutawa. Na kwando suka yi laushi a rana ta uku. Na tukunya suka haura kwana 10 ana iya kai su kasuwa. Wannan littafi ta buɗe a gaban jama'a ranar ma'arad, ta yi bayani da Larabci, sa'an nan ta juyo wajen mata ta maimaita da Hausa. Kafin mako ya zagayo, mai ginin tukwane ta garinmu ta aiko a gaya mana ta rasa inda za ta sa kanta don masu nema.

Taswira ta biyu

Taswirar farko ta ɓata tare da kujerun makaranta. Wadda aka nuna ran nan sabuwa ce. Yaron ya sake bin gari da taku, sai ya tarar ƙafarsa ta yi tsawo, dole ya sake awo daga farko. A sabuwar ya ƙara abin da babu a tsohuwar: gidan da mutanensa suka dawo ya cika shi da tawada, wanda har yanzu yake rufe ya bar shi fari. Mutane suka yi cincirindo, kowa na neman gidansa da yatsa. Wata tsohuwa ta daɗe da yatsanta a kan wani farin gida, ba wanda ya ce mata komai. Shaihun gari ya aiko daga baya a ara masa taswirar, don ƙidayar gidaje in kayan agaji sun zo.

Kira ga 'yan'uwa iyaye

Na farko, in makaranta ta kira taro mu je, mu kuma zauna inda yaro zai gan mu. Na biyu, abin da muka sani na su da noma da jima da magani da sunayen taurari ilimi ne, malamai na nemansa, mu kai musu. Ta nan ne Hausarmu za ta shiga aji, maimakon ta tsaya a bakin ƙofa. Na uku, mu nemar wa kowane yaro takardar haihuwa da lambar ɗan ƙasa tun yana ƙarami, kada ranar jarrabawa ta zo a shiga guje-guje. Ɗaliban da ya kamata su zauna jarrabawar shahada a 2023 sai a ƙarshen Disamba 2024 suka samu zama, saboda haka wanda yaƙi ya ci masa shekara biyu ba shi kaɗai ba ne, kada girma ya sa a cire shi. Na huɗu, in za a tafi da yara zango, mu san jagoransu, mu san inda za su kwana, 'yan mata kuma su tafi da malamansu mata. Na biyar, rashin kuɗin kaki kada ya hana yaro shiga, ƙyallen wuya ya isa a fara da shi.

Saura maganar alkunya. Al'ada ce mai kyau, ba mu ce a yar da ita ba, har gobe ba za mu kira sunan ɗan fari ba. Amma mun lura yaro na iya girma bai taɓa jin kalmar yabo daga bakin ubansa ba, har ya zaci ba a ganin abin da yake yi. Ran nan da aka watse, yana naɗe taswirarsa, muka tsaya a kansa, mutane na ji, muka ce, "Kai, Allah ya yi maka albarka, kai da ƙanwarka." Ya ɗago ya dube mu, ya ce, "Amin, Baba," ya ci gaba da naɗi, hannunsa na rawa.

Allah ya raya mana zuriya, ya mai da waɗanda ke gudun hijira gidajensu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da ƙasarmu Sudan lafiya, amin. Wanda ɗansa ko 'yarsa ta yi wani aiki a makaranta da ya faranta masa rai, ya rubuto mana, wannan fili naku ne. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.